Kafin ka biya kuɗin gida a Kaduna, bi sawun ruwa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka in yi magana da masu shirin sayen gida a garin Kaduna, musamman ma'aikata da 'yan fansho da 'yan kasuwa da suka shekara suna tara kuɗi don su huta da haya. Yadda ake cinikin gida a garin nan yana damuna ƙwarai. Dillali ya zagaya da mutum minti ashirin, ya ga sabon fenti da tayil mai sheƙi da ƙofar ƙarfe, a koma zaure a yi ciniki, a biya. Alhali mutumin nan, da ragon layya zai saya, sai ya buɗe bakinsa ya ga haƙora, ya taɓa ƙugu, ya sa an tayar da shi ya ga tafiyarsa.

Mafi yawan aibin da ke cikin gidajenmu ruwa ne ke kawo shi: na sama, na ƙasa, da na cikin bututu. Duk wanda ya iya bin sawun ruwa ya gama rabin aikin duba gida. Shi ya sa lokacin da ya fi dacewa a duba gida a Kaduna shi ne Agusta da Satumba, sa'ad da ƙasa ta ƙoshi, kuma a je washegarin ruwa mai ƙarfi. Masu sayarwa sun san haka, shi ya sa ake yawan shafa fenti da rani a fito da gida kasuwa. In ciniki ya kama da rani ba laifi, ruwa yana barin alama, sai dai a san inda za a neme ta.

A fara daga waje, tun ba a shiga ba. Tsaya a titi ka dubi ina ne tudu, ina ne gangare. Daɓen ɗaki ya kamata ya ɗara tsakar gida da aƙalla inci shida, tsakar gida kuma ta ɗara kwatar titi. Tun da aka sake gina tituna da yawa a garin nan daga shekarar 2019, akwai gidajen da titi ya taso ya bar su a rami, ruwan da a da yake wucewa yanzu ƙofarsu yake nema. In ka ga an gina ɗan tudu a bakin ƙofa wanda sai an ɗaga ƙafa a tsallake, ko maƙwabta sun jera buhunan yashi, ko akwai layin laka a jikin katangar da ba a yi wa fenti ba, to ka ga iyakar inda ruwa ke kaiwa. Wuraren da ke bakin Kogin Kaduna da rafukan da ke zuba cikinsa, irin su Kigo Road da Kabala Costain da Rafin Guza da gangaren Unguwar Rimi da na Nasarawa, sun sha ambaliya. Ta 2003 da ta 2015 har yanzu mutane ba su manta ba. Ba kowane gida a unguwannin nan ruwa ke ci ba, layi ɗaya ma yakan bambanta. Don haka ka dawo kai kaɗai ba tare da dillali ba, ka zauna wurin mai shayi ko mai kanti, ka gaisa da dattawan masallacin layin, ka tambaye su ina ruwa ya tsaya bara.

Ka tambaye su kuma me ke wurin kafin a yi gini. Wannan tambaya ta fi ƙarfin fenti. Jar ƙasa mai marmara tana ɗaukar gini lafiya. Amma tsohon kududdufi da aka cike, ko bola, ko fadama mai laka, suna ci gaba da zama shekara da shekaru, laka kuma tana kumbura da damina ta tsuke da rani, tana wasa da fandisho. Alamarsa tana fara bayyana a wurin da ba a kashe wa kuɗi ba: katangar waje ta karkata, simintin tsakar gida ya lotsa ya rabu da jikin gini, ƙyauren get biyu sun daina haɗuwa daidai.

Sai danshi, wanda shi ne ciwon da ya fi yawa kuma aka fi ɓoyewa. Ruwan ƙasa yana hawa jikin bulo a hankali, yakan kai kusan mita ɗaya, ya ɗauko gishiri. Gishirin nan ne ke fitowa fari-fari, ya kumbura fenti, ya mayar da filasta gari. Asalinsa tun ranar gini ne: ba a shimfiɗa leda a ƙarƙashin kankaren daɓe ba, ko ba a zuba kankaren ya hau kan bulon fandisho gaba ɗaya ba, an dai cika ƙasa an shafa siminti. Gyaransa na gaskiya yana da wuya da tsada, shi ya sa mai gida yakan manna tayil daga ƙasa zuwa ƙugu, ciki ko waje. Tayil ba ya kashe danshi. Yana hana shi fita ne kawai, sai ya ƙara hawa ya ɓullo a saman tayil ɗin. Don haka ka dubi layin da tayil ya ƙare, ka shafa hannu. Ka sa a janye kujeru da gado da wadirof daga bango, a ɗaga kafet da ledar ɗaki. Ka shaƙi iskar ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba; in an turare gidan da turaren wuta kafin zuwanka, ka nemi a sake buɗe maka wata rana ba shiri. Ƙwanƙwasa ƙasan bango da makulli: filasta mai lafiya tana ƙara tsaf, wadda ta saki tana amsawa kamar akwai rami a bayanta. In an ba ka dama, yanki leda mai kauri kamar taku ɗaya da rabi kowane gefe, ka manne ta a daɓen siminti da salatif ta ko'ina, ka dawo washegari. In ƙarƙashinta ya yi gumi ko simintin ya yi duhu, ruwa na tasowa.

A bambance wannan da danshin bututu. Na ƙasa yana bin bango a jere, tsayinsa kusan ɗaya. Na bututu tabo ne a wuri guda, galibi bayan banɗaki ko kicin, kuma ba ruwansa da rani ko damina. Shi wannan ana fasa bango a canza bututu a huta, bai kai a fasa ciniki ba.

Tsagewar bango ita ce ke firgita masu saye, amma ba kowace ce abin tsoro ba. Ƙananan tsaga sirara kamar gashi, masu rassa ko'ina a fuskar filasta, yawanci daga shafen ne: an yi shi da hunturu ya bushe da sauri, ko ba a ba shi ruwa ba, ko yashin ya cika laushi. Wannan aikin mai fenti ne. Wadda za ka tsaya a kanta ita ce wadda ta tashi daga kusurwar taga ko ƙofa ta tafi a karkace, ko ta bi layin bulo hawa-hawa, ta fi faɗi a sama ko a ƙasa. Ka fita waje ka duba daidai wurin. In ta ratsa ta fito ta ɗaya gefen, bangon ne ya rabu, wato wani sashe na fandisho ya zauna ya bar ɗan'uwansa. Gwada da tsinken ashana. In ya shiga, a sa ido. In faɗinta ya kai milimita 5, kada a biya ko kwabo sai injiniya ya gani. In yatsa na shiga, ni dai shawarata a nemi wani gidan. Ƙofofi suna ba da shaida: ka buɗe ka rufe kowace ƙofa da taga, ka lura da wadda ke cijewa, da wadda aka fere ƙasanta ko samanta don ta shiga. Tsaga a miƙe daga sama har ƙasa, daidai inda aka yi ƙarin ɗaki, tana nuna ba a ɗinke sabon gini da tsohon ba, kowanne yana zama da kansa.

Mai wayo yakan cike tsaga ya shafe da fenti. Hanyar kama shi tocila ce. Ka rufe labule, ka kwantar da tocila a jikin bango haskenta ya bi fuskar bangon, duk wani faci zai fito da inuwarsa. In faci ya sake tsagewa, ginin bai daina motsi ba. Ka kuma lura da itatuwa. Mangwaro ko darbejiya da ke taku kaɗan daga bango suna tura saiwa ƙarƙashin fandisho da cikin sokawe, kuma a ƙasa mai laka suna shanye ruwan gefe ɗaya, ginin ya zauna ta nan.

Ingancin bulo ana gane shi a inda ba a shafe ba: bayan katanga, ko saman bango ta cikin silin. Karce shi da ƙusa. Bulo mai siminti ƙusa za ta bar masa zane kawai. Wanda aka ja buhun siminti ɗaya ya fitar da abin da ya fi ƙarfinsa, yashi zai riƙa zubowa. A tsofaffin unguwanni irin su Tudun Wada da Unguwar Shanu akwai gidajen ƙasa da aka yi wa rigar siminti. Ginin ƙasa ba aibi ba ne, yana da sanyi, kuma in rufinsa da gindinsa ba sa shan ruwa yana daɗewa. Aibin shi ne a sayar maka da shi a kuɗin bulo. Kaurin bango a bakin taga zai nuna maka, leƙawa cikin silin kuma ta raba gardama.

In bene ne, a nan ba na ba kowa shawarar ya dogara da idonsa. Ka ɗaga kai ka dubi ƙarƙashin dakin, wato kankaren da aka zuba ya raba ƙasa da sama: jan tabo na tsatsa, kankare da ya ɓantare, rodi a waje. Rodi yana buƙatar kankare mai kaurin kusan inci ɗaya ya lulluɓe shi. In bai samu ba ruwa na kai masa, ya yi tsatsa, tsatsa ta kumbura ta fasa kankaren daga ciki. Mafi haɗari shi ne gidan da aka gina a matsayin na ƙasa, daga baya kuɗi suka zo aka ɗora masa bene a kan fandishon da ba a yi don haka ba. Ka nemi zanen ginin da hukumar tsara birane ta jiha, KASUPDA, ta amince da shi, ka gwada da abin da ke tsaye. Ka dubi inda aka ɗora tankin ruwa: lita 1,000 nauyin tan ɗaya ce, kuma sau da yawa a kan dakin ɗin banɗaki ake ajiye biyu. A kira injiniyan gini mai rajista da COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniyoyi. Suna da na'urar gwada ƙarfin kankare ba tare da an fasa ba, kuma zai ba ka rahoto a rubuce da sa hannunsa.

Rufi kuwa, wanda bai shiga cikin silin ba bai duba shi ba. A kawo tsani, a shiga da tsakar rana, a taka kan katako kawai. Da farko a kashe tocila: duk inda haske ya ɓullo ta kwano, nan ruwa ke bi. Sannan a kunna a bi katako ɗaya-ɗaya. Gara tana barin hanyar ƙasa a jikin bango da katako, ƙwaro yana barin gari mai laushi a ƙasa. A soka sukundireba. Katakon da gara ta ci yana nan da siffarsa amma ciki fanko ne. A duba ko an shafa masa magani ko baƙin mai. Abin da aka fi mantawa shi ne ɗauri. Katakon da ke kwance a kan bango dole a ɗaure shi da rodi ko langalanga da aka binne cikin kankaren saman bango. In ƙusa kawai ta riƙe shi, iskar farkon damina, ta Afrilu da Mayu, ita ce ke ɗauke rufi sukutum ta ajiye a gidan maƙwabci. Kwanon alminiyum mai kaurin 0.45 ko 0.55 na milimita yana jure wa. Akwai na ƙasa da haka da yake lotsewa da yatsa, ƙusa kuma ta yage shi.

Gidajen yayi masu katanga da ta ɓoye rufi suna da kyan gani, amma a bayan katangar akwai kwatar kankare da duk ruwan rufin ke taruwa. Ganye da leda su toshe bututun, ruwa ya kwanta, ya sami tsaga ya bi bango ya sauko. In ka ga tabo a kusurwar sama ta ɗaki, ko an sake silin na ɗaki ɗaya kawai, a hau a duba kwatar nan. Tsofaffin gidajen gwamnati da na kamfanoni kuma wasu suna da silin ko rufin asbesto. In yana zaune lafiya a bar shi, amma ƙurarsa tana illa ga huhu, cire shi ba aikin yara da guduma ba ne, a sa wannan a lissafi.

Sai ruwan ciki. A cika tanki, a buɗe kowane famfo, a ja ruwan kowane masai a ga yadda yake tafiya. A zuba bokiti guda a daɓen banɗaki: ya nufi magudana, ko ya nufi ƙofa, ko ya kwanta a kusurwa? Bayan haka a rufe komai, a yi alama a jikin tanki, a dawo bayan awa uku ko huɗu. In ruwa ya ragu, akwai bututun da ke yoyo a cikin bango ko ƙarƙashin daɓe. A sa a ɗaga murfin sokawe. Wadda ke cika duk damina ba ƙazanta ce ta cika ta ba, ruwan ƙasa ne ya taso, kuma kiran motar kwasa zai zama maka haraji na kowace shekara. A duba ma ko motar za ta iya isowa wurin.

Nisan rijiya da sokawe magana ce ta lafiyar iyali. Bai kamata ya gaza mita 15 ba, mita 30 ta fi, rijiya kuma ta kasance ta tudu. Filotinmu na taku hamsin da ɗari kusan mita 15 ne da mita 30, ka ga ke nan wuri ya ƙure tun kafin a sa maƙwabta a lissafi. Sau da yawa rijiyarka tana nesa da taka sokawen amma tana jingine da ta maƙwabci, katanga ce kawai tsakani. Leƙa ka gani, ka kuma ɗebi ruwan a kai ɗakin gwaji. Taifot da gudawa da ba sa ƙarewa a gida sau da yawa daga nan suke. Kaduna a kan dutse take zaune, shi ya sa rijiyar burtsatse takan yi ruwa a wannan gida ta ƙafe a na kusa da shi. Wanda ya duba gida da damina ya tambayi maƙwabta halin rijiyar a watan Maris da Afrilu.

Wuta ba ta buƙatar dogon bayani, mai wayarin na kirki zai gama cikin awa ɗaya. Ya buɗe soket biyu ko uku da akwatin fis. A lambar kaurin waya, ta fitila 1.5 ce, ta soket 2.5, ta na'urar sanyaya ɗaki da hita 4. Ya kankare bakin waya ya ga jan ƙarfe ne har ciki ko alminiyum ne aka yi wa rufi. Baƙin tabo a soket yana nuna waya na zafi. Ya nemi wayar da aka binne a ƙasa don kariya, gidaje da yawa ba su da ita sam. Kai kuma ka ɗauki lambar mita ka je ofishin Kaduna Electric ka tambayi bashin da ke kanta, domin har mita mai kati akan ɗora mata tsohon bashi. In babbar wayar wuta ta ratsa kusa, kamar yadda ake gani wajen Mando, ka sani doka ta ware mata fili: mita 25 kowane gefe ga mai ƙarfin kilobolt 330, mita 15 ga mai 132, mita biyar da rabi ga mai 33 da mai 11. Gidan da ya shiga wannan fili, kome kyansa, yana jiran rusau ne.

Takarda ma tana da nata aibin. A kai lambar takardar mallaka hukumar KADGIS mai kula da takardun filaye a yi bincike: sunan wa ke kai, an jinginar da ita a banki, filin da ke takarda shi ne wanda gidan ke kai? A sa safiyo ya nemo duwatsun iyaka, don katanga takan ci hanya ko filin maƙwabci. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta ce sai da amincewar gwamna ake mayar da mallakar fili mai irin wannan takarda zuwa wani, don haka takardar ciniki mai hatimin mai unguwa shaida ce mai amfani amma ba ta wadatar ba. A dubi katangar waje da kyau ko an shafe jan rubutun gargaɗi na KASUPDA da fenti. In gidan gado ne, a ga takardar rabon gado daga kotu, kowane magaji, mata da maza, ya sa hannu ko ya wakilta a rubuce. Ɗan'uwa ɗaya da ke Legas ko Fatakwal wanda ba a shaida wa ba ya isa ya tsayar da kai a kotu shekaru. In akwai 'yan haya, a san ranar da kuɗin kowannensu zai ƙare.

Wanda zai duba maka gida kada ya zama mutumin dillali. Ba zargi nake yi ba, amma la'adarsa sai ciniki ya faɗa take fitowa, ba adalci ba ne ka ɗora masa aikin nemo abin da zai ɓata cinikin. Ka zo da naka magini, da kafinta, da mai famfo, da mai wayarin, ka biya su kuɗin yininsu ko an saya ko ba a saya ba, don kada su ji nauyin faɗa maka gaskiya. Mai gidan da ya hana a shiga silin ko a ɗaga murfin sokawe, ka ɗauki hanin a matsayin amsa.

Ga 'yan'uwana masu sayarwa kuma, addininmu bai bar wannan a buɗe ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu, kuma malaman fiƙihu sun ba mai saye zaɓin mayar da kaya in ya tarar da tsohon aibi da aka ɓoye masa. Tayil da aka manna don rufe danshi, a yi shiru, algus ne. Sai dai mai saye ya sani, tabbatar da wannan a gaban alƙali bayan kuɗi sun shiga hannu, an raba ko an kashe, abu ne mai wahala.

Bayan an gama dubawa, a rubuta duk abin da aka gani, a ɗauki hoto, masu aikin su yi kiyasin kuɗin gyara. Fandisho mai motsi, bene da aka ɗora ba bisa ƙa'ida ba, gidan da ke hanyar ruwa ko ƙarƙashin babbar waya, da takarda mai rikici, waɗannan ragin kuɗi ba ya gyara su, a haƙura. Rufi, wayarin, bututu da sokawe a cire kuɗinsu daga farashi, kuma ya fi kyau mai saye ya karɓi ragin ya yi gyaran da kansa, domin gyaran mai fita gida na ganin ido ne. In an yarda mai gida zai gyara wani abu ko zai biya bashin wuta, a sa shi cikin yarjejeniya a gaban lauya da shaidu, a riƙe wani kaso na kuɗin har sai an cika, a biya ta banki da sunan wanda ke kan takarda.

Na gode da wannan fili da ka ba ni. Wassalam.

Naka,
Wani mai aikin duba gine-gine,
Kaduna